Shekarar da Na Ɗauke Kekena daga Wunti

Akwai maganar da nake ji tana yawo a tsakaninku, 'ya'yana, wai Malam Sabo ne ya fitar da ni daga shagonmu na Wunti don ya sa mai sayar da kayan waya. Na ji ta a bakin Aminu, na ji ta a bakin Rabi, kuma duk sanda aka yi ta a gabana shiru nake yi. Shirun nan laifina ne. A shekarar da abin ya faru ba ɗayanku a gida. Aminu yana Jos wurin aikinsa, Rabi da Sadiya kowacce tana ɗakin mijinta, saboda haka ƙarshen al'amarin kawai kuka gani, kuka cike sauran da zato. Bari in ba ku shi yadda ya faru.

Ni da Sabo a lungu ɗaya muka tashi a Ƙofar Dumi, wurin maigida ɗaya muka koyi ɗinki, kuma da aka yaye mu muka haɗa hannu muka kama shago ɗaya a Wunti. Shi ya fi ni iya yanka, ni kuma na fi shi aikin wuyan riga. In babbar riga ta zo, shi ne zai yanka ya haɗa, ni in zauna mata da zare. Sama da shekara talatin muna haka, kekena a dama, nasa a hagu, haya rabi da rabi. Shi bai taɓa barin Ƙofar Dumi ba, da ƙafa yake zuwa shago ya koma. Ni ne na yi nisa. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gida, abin da ya zo hannuna ba zai sayi ko zaure a cikin gari ba, sai na tafi Miri inda ƙasa take da sauƙi, na sayi fili a bakin gonakin mutane na gina ɗaki biyu. A lokacin nisa bai dame ni ba, domin ina da tsohon babur ɗina. In na zuba masa mai ranar Asabar, sai wata Asabar ta zagayo ban sake tunaninsa ba. Na yi shekaru ina bin hanyar Jos safe da yamma ban san tsawonta ba.

Babur ɗin na sayar da shi lokacin bikin Sadiya, aka cika mata kayan ɗaki, ban kuma yi nadama ba. Na koma hawa napep, in ina sauri in hau acaɓa. Ana cikin haka kuɗin mai ya tashi tashin da kowa ya sani. Kuɗin mota ya ninka, ya sake ninkawa, a daidai lokacin da mutane suka rage ɗinki. Alhajin da yakan kawo shadda kala uku in salla ta matso sai ya kawo ɗaya, wani ma ya aiko da tsohuwar riga a sake mata aljihu. Sai ya zamana in na dawo gida na sa hannu a aljihu, abin da zan miƙa wa mahaifiyarku na cefane bai kai abin da na ba masu napep ba. Wata rana ma ban yi ɗinkin ko sisi ba, amma hanya ta karɓi nata zuwa da dawowa.

Daga nan na fara tafiyar ƙasa. In na idar da sallar asuba sai in sha koko in kama hanya. Na ce wa mahaifiyarku motsa jiki nake yi, wai an ce yana da kyau ga masu shekaruna. Ta dube ni ta ce Allah ya ƙara lafiya. Daga ranar sai na riƙa samun ƙosai uku a ƙulle cikin takarda a aljihun rigata.

Abin da na gani a hanyar ne ya ba ni mamaki. Ashe akwai wani gari guda da yake tafiya a gefen kwalta kowace safiya, ni ban sani ba, domin da ina kan babur idona yana kan ramukan titi. Ga leburori da shebur a kafaɗa, ga mata da ƙoren nono a ka, ga 'yan makaranta, ga ma'aikatan ofis cikin gogaggun kaya sanye da silifa, takalman aikin suna cikin leda, sai an kusa gari a laɓe a sauya. Kun san halina na tambaya. Sabo yakan ce da ban zama tela ba da ɗan jarida na zama. To, tafiya da nisa, baki kuma ba abin da yake yi. Sai in jera da mutum mu gaisa, in tambaye shi daga ina, zuwa ina, wane aiki. Abin da na fi son sani shi ne wannan: mutumin da albashinsa ba zai ɗauki kuɗin motarsa ba, me yake kai shi gari kullum? Ba don in raina kowa ba. Kawai abin ya tsaya mini a rai, kamar yadda sabon yayin aikin wuya yake tsaya mini har sai na gane ta inda aka fara shi.

Amsoshin da na samu ba guda biyu da suka zo iri ɗaya. Wata malamar makarantar kuɗi, da take tafe da 'ya'yanta biyu, ta ce mini albashin ba ya kai ta tsakiyar wata, amma muddin tana koyarwa a can yaran nan kyauta suke karatu, don haka ita karatunsu take zuwa karɓa. Wani dattijo masinja a wani ofis ya ce saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ko da rarrafe ne sai ya cika su. Wani kuma ya ce shi gaskiya ba abin da yake samu, amma in ya zauna a gida maƙwabta za su ce an kore shi, masu kanti su daina ganin girmansa. In na isa shago sai in kwashe labarin duka in ba Sabo muna shan shayin hantsi. Yana ji yana murmushi, almakashi yana ta tafiya a hannunsa.

Wanda muka fi sabawa da shi a cikinsu shi ne Buba. Bafulatani ne dogo, kusan sa'ana ne, gidansa yana can gaba da namu. Ya ce mahaifinsa ya bar garke, amma ciwo da fari da sayarwa a hankali suka cinye shi, saura saniya ɗaya da 'yan awaki. Yana aiki a wani injin niƙa kusa da kasuwar Wunti, kullum girarsa fara fat da gari. Tafiyarsa irin ta makiyaya, ba sauri ba tsayawa, ni ne nake haki a bayansa. Da na tambaye shi abin da ake biyansa ya faɗa mini, na ce wannan ai ko acaɓa ɗaya ba zai ɗauka ba. Ya yi dariya ya ce shi ba kuɗin yake zuwa ɗauka ba. Maigidansa ya bar masa dusar da ake sharewa a ƙarƙashin inji. Kullum da yamma zai ɗauro rabin buhu a ka ya kawo gida, saniya ta ci ta ba da nono, matarsa ta dama fura ta sayar a bakin hanya. Da wannan gidan yake ci. Na jinjina abin, na yi ta yi masa tambayoyi a kan yawan nonon da irin dusar da ta fi, har muka wuce inda masu kayan gwari suke sauke kaya. Sai ya tsaya ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"To kai fa, Malam Tela? Kullum kai ne mai tambaya. Kai me kake zuwa ɗaukowa?"

Na ce ɗinki mana.

"Ɗinki yana cikin keke, keke kuma ana ɗaukarsa. Ni da injin nan zai ɗauku, da tuni yana ƙofar gidana."

Ya ci gaba da cewa a wajensu mace sai ta biya mota zuwa da dawowa kafin a yi mata kalmasar zane, shi ya sa yara suke yawo da yagaggun riguna, ba don an rasa kuɗin faci ba. Na yi dariya na sauya magana. Amma yinin ranar ban iya aikin kirki ba. Wata huɗu ina bin mutane da tambayar nan, ban taɓa juyo da ita kaina ba.

Da na zauna na duba gaskiya, na san abin da nake zuwa ɗaukowa. Shayin hantsin nan ne da Sabo. Bencin ƙofar shago ne, inda tsofaffin abokai suke taruwa bayan la'asar a yi ta gardamar siyasa. Sannan motar da takan tsaya a sauke gilashi a ce, ina Malam Garba mai aikin wuya? A Wunti ni wani ne. A Miri kuwa baƙo ne da yake fita da sassafe ya dawo da magariba, maƙwabta ma sun fi sanin mahaifiyarku da ni. Duk waɗannan abubuwa ne masu daɗi, amma ba wanda za a zuba a tukunya a cikinsu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tarar da mahaifiyarku a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zauna na ba ta labarin abin da Buba ya ce, ina yi kamar abin dariya ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ce matan unguwa sun fi sau goma suna tambayarta ko maigidan zai karɓi ɗinkin yara, tana ce musu shi manyan riguna yake yi. Na ce to ai gaskiya ta faɗa. Ta ture farantin gefe ta dubi ƙafafuna.

"Malam, ni ban ce ka bar Wunti ba. Amma takalmi na biyu ke nan ka kashe tun da ka fara motsa jikin nan, kuma jiya da kake alwala na ga idon sawunka a kumbure. In ka kwanta, wa zai je Wuntin?"

A satin na yanke shawara. Zauren gidanmu ya isa keke da benci. Keken aikin wuya mai amfani da lantarki ba zai yi mini amfani a Miri ba, don wuta sai an ga dama, saboda haka shi zan sayar, in ɗauko na ƙafa. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya gagare ni shi ne buɗe baki in faɗa wa Sabo. Na san shi kaɗai ba zai iya hayar shagon ba. Na san kuma masu kawo manyan riguna mu biyun suke kawo wa. Kullum in na kama hanya sai in shirya maganar, in jera ta tsaf, in na shiga na same shi ya riga ya share gefena ya ajiye mini kofina, sai in ce bari sai gobe. Haka na yi ta gobe har wata biyu. A ƙarshe na yi ciniki da mai a-kori-kura ya zo ranar Asabar da sassafe, da niyyar ranar Alhamis zan faɗa wa Sabo. Alhamis ta zo ta wuce ban faɗa ba.

Ranar Asabar muna cikin ɗora keken a mota sai ga Sabo ya ɓullo ta kan kwana, da ledar burodin shayinmu a hannu. Ya tsaya ya dubi motar, ya dubi gefen da kekena ya bari a ƙasa, inda siminti ya fi sauran haske. Na fara magana ina haɗa ta da ƙyar, ina cewa hanya, kuɗin mota, ƙafa. Bai bari na gama ba. Ya ajiye burodin a kan benci, ya karɓi igiya daga hannun direba ya ce ba haka ake ɗaure keke ba, kan zai girgiza. Ya cire hularsa ya ɗaure shi da kansa, ya sa tsumma a inda ƙarfe zai gogi ƙarfe. Da ya gama ya miƙo mini hannu.

"Allah ya sa alheri, Garba. Ka gaida gida."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai kore ni ba, bai ɗaga murya ba. Ni ne na ɗauki kekena na bar shi da shago.

Abin da ya biyo baya kun ga wani ɓangarensa. A Miri aiki ya samu fiye da yadda na zata, sai dai ba irin wanda na saba ba. Faci ne, da zip ɗin wando, da kayan makaranta, da rage wa ƙane rigar yayansa. Kuɗin kaɗan-kaɗan ne, wani ma da kaka zai aiko da kwanon dawa ko masara, amma duk abin da ya shigo a gidan yake kwana, hanya ba ta da rabo a ciki. Miya ta dawo da ɗanɗanonta. Ƙafata ta sace. Na san sunayen maƙwabtana da na 'ya'yansu. Buba ya kawo mini rigunan gidansa gaba ɗaya a buhu, ya biya ni da nono har na sati biyu. Sai dai manyan rigunan sun tafi. Biyu ko uku cikin alhazan da suke kawo mana su sun kira a waya, da suka ji sai an fito bayan gari sai suka ce za su zo, ba su zo ba. Aikin wuyan da na shekara talatin ina gogewa, yanzu sai in yi wata shida ba wanda ya nema. Wani lokaci in na ga mutum sanye da babbar riga a masallaci, idona yana kan wuyan har a tayar da salla, ina duba inda mai aikin ya yi gaggawa.

Labarin Sabo kuwa a bakin mutane nake ji. An ce ya ba mai kayan waya rabin shagon, bayan wasu watanni ya bar masa duka ya koma zauren gidansa. A daidai lokacin ne Aminu ya zo gari, ya bi ta Wunti ya ga caja da murfin waya a rataye inda kekena yake, ya dawo yana faɗa. Na ji shi, na kuma bar shi, domin gyara maganar yana nufin in faɗi abin da na yi. Ban je wurin Sabo ba, ban kira shi ba. Da farko kunya ce, daga baya kunyar daɗewar ta haɗu da ta farko.

Sai da aka fi shekara na je. Mahaifiyarku ce ta ji a gidan suna cewa idon Sabo ya fara ba shi wahala, ta dawo ta faɗa mini, ta ɗauko mini rigar fita ta ajiye a kan gado ba tare da ta tambaye ni ko zan je ba. Na tafi da ƙafa, don ina so in sami lokacin shirya abin da zan ce. Na isa Ƙofar Dumi da hantsi, na bi lungun da na haddace tun ina yaro, masu babura suna matse ni da bango, karatun yara yana tashi daga makarantar allon da muka yi. Na same shi a zaure ya jawo keke bakin ƙofa don haske, ya rame, da tabarau mai kauri, yana ta fama da zare da allura. Na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba, sannan ya gane muryar. Ya matsa mini a benci, ya miƙo mini zaren ya ce in zura masa, tun ɗazu ramin allurar yake ɓuya. Na zura. Muka gaisa, ya tambayi kowa da sunansa, har ku. Sannan na ce na zo neman gafara ne, na faɗi duk abin da na faɗa muku a nan, ban rage ba. Ya saurare ni har na gama.

"Na yi fushi, Garba, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba don ka tafi ba ne. Ni fa shekara biyu kafin nan nake so in bar shagon nan. Haya ta fi ƙarfina, ido ya fara, ga zaure a gida ba kowa. Kai nake dubawa. Na ce mutumin nan yana tasowa tun daga Miri, daga baya ma da ƙafa, in na ce zan tashi ina zai sa kansa? Sai na yi shiru."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini. Ya ce abin da ya hana ni ne ya hana shi. Sai dariya ta kama shi, irin wadda take sa shi tari, ni ma ta kama ni, har matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Ya ce mu biyu tsofaffin banza, mun shekara biyu muna ciyar da mai shago da masu napep don kada ɗaya ya ɓata wa ɗaya rai. Aka kawo mana shinkafa da wake muka ci a kwano ɗaya. Ya ciro wata farar shadda da wani da ya daɗe yana ba mu ɗinki ya kawo, wadda ya yanka ya haɗa ya rasa wanda zai ba wuyanta, ya ce in tafi da ita in yi da hannu, ba gaggawa.

Bayan la'asar ya rako ni har bakin titi, yana dafa bango a inda lungun ya yi duhu. Ya tambaye ni da me na zo, na ce da ƙafa. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da napep, ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo kuɗin Miri ya miƙa mini. Na san abin da yake samu a zauren nan, na san kuɗin cefanen gobe ne. Na buɗe baki zan ce a'a, ya riƙe hannuna ya danƙa mini.

"Karɓi, Garba. Kada mu sake farawa."

Na karɓa, na rungumi shaddar, na shiga.